Ranar Da Sanda Ya Murɗa Wa Kwamfuta Wutsiya

Duk Agege an san Sanda mahauci ne ya tsinke igiyar ɓeran kwamfuta a shagon intanet na Safinatu, kuma a gaban jama'ar da shi da kansa ya gayyato.

Sanda dai tun yana saurayi motar shanu ta sauke shi a Legas. A kwata ya tsufa, kuma ilminsa ɗaya ne: duk abin da ya ƙi tafiya, a murɗa masa wutsiya. Sa ne, akuya ce, har motar haya ta danfo ya taɓa neman wutsiyarta.

Ɗansa Ridwanu ya daɗe yana aikin jirgin ruwa a ƙasar waje, har 'yan unguwa sun fara cewa ƙila ma a nan Legas, a kasuwar Oshodi, yake dako. Da aka ce ya turo hoto, sai Sanda ya sa babbar riga, ya kwaso maƙwabta su zo su gani da idonsu.

Safinatu ta buɗe saƙon. Hoto ya fara saukowa daga sama, kaɗan-kaɗan kamar mai awon gishiri. Sararin sama ya fito, sai farar hula. Nan ya cije.

Sanda ya danna inda ya ga ta danna. Hoto ya goge, ya sake farawa. Sama, hula. Ya ƙara dannawa. Sama, hula.

"Oga Sanda, ashe hula ka haifa?" in ji Shitu mai shayi.

Ran maza ya ɓaci. Ya damƙi igiyar ɓeran ya murɗa, ji kake ɗas!

Safinatu ta dafe kai. "Haba Baba! Duk dannawar da ka yi, baya kake mayar da shi. Layin waya ɗaya muke rabawa da kowa." Ta sa wani ɓeran, ta rufe sauran shafuka, ta roƙi na kusa su dakata, ta ce ya zauna kan hannayensa.

Haka ya zauna, gumi na zuba. Goshi ya fito, sai idanu, sai hancin nan na gidansu, ga ƙaton jirgi a baya. Sanda ya share ido da hannun riga.

Shitu ya ce, "Fuska ɗaya, har shayina ya huce!"

Sanda ya dube shi sama da ƙasa. "Abin kirki a hankali yake sauka, Shitu. Kai da aka sauke da gaggawa, ga shi har yau hancinka bai ƙaraso ba."