Ƙofofin Kanal Uku da Na Sace

Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure. Ba zan faɗi sunana ba, mutanen garinmu sun san ni, ya isa. Ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba. Abin da na iya tun ina ƙarami shi ne ban ruwa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fili a ƙarshen kanal, ni da wana, Yaya Sale. Shi yana noman alkama, ni tumatir. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu rasa tuwo ba. Ranar Juma'a tare muke zuwa masallaci, sahu na biyu, shi a dama, ni a hagunsa. Haka muka taso.

Ruwan kanal rabonsa ake yi, kowane layi da ranarsa. A bakin kowane reshe akwai ƙofar ƙarfe. In an ɗaga ruwa ya shiga, in an sauke ya wuce gaba. Mu na ƙarshe sai an rufe wa na sama muke samu.

Da ƙaramin abu na fara, a farkon shekarun 2000. Tumatirina ya yi yaushi, ranarmu saura kwana biyu. Na je na sauke ƙofar na sama na awa guda. Ba wanda ya gani, tumatir ya miƙe, na ji daɗi. Maƙwabcina ya ce in yi masa irin haka, ya ba ni kwandon albasa. Daga nan na sayi sifana, ƙarfen kwance noti da juya ƙofa. Duk mai son ruwa ba a ranarsa ba, ni yake nema.

Wata rana a kasuwar Kura wani ɗan gwangwan, mai sayen tsohon ƙarfe, ya ga sifanar a aljihuna. Ya ce, "Kai da ke juya ƙofa kullum, ka taɓa ɗaukarta ka ji nauyinta?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "Gwada. Ni a kilo nake saye."

Na nemi lokacin da ba kowa a gona. Ban ga wanda ya fi azahar ɗin Juma'a ba. Mutane suna sauraren huɗuba, ni ina kwance noti. In ɗora a amalanke, in rufe da kara. Juma'a uku, ƙofa uku.

Ta ukun ita ce ke tare ruwa ya gangaro layinmu. Na san haka, amma na ɗauka za a kawo wata cikin kwana biyu. Ba a kawo ba. Ruwa ya kwarara wani reshe ya cinye albasar mutum biyu, mu kuwa ko ɗigo. Alkamar Yaya Sale tana fitar da kai, a tsaye ta bushe. Tumatirina ma ya bi ta.

Sarkin Noma ya tara mutane a ƙofar gidansa. Wasu suka ce makiyaya ne. Ardo, shugaban Fulanin da ke zaune bayan gari, ya ce, "Shanuna ba sa cin ƙarfe." Sai Yaya Sale ya miƙe, bai dube ni ba. Ya ce, "Ku ƙyale Ardo. Juma'a uku ke nan haguna ba kowa." Na ce ciwon ciki na yi. Sarkin Noma ya ce, "Wannan ciwon ciki ya san kwanakin mako." Aka je gidana, aka sami notuna a cikin tsohuwar tukunya.

Alƙali ya ba ni shekara biyu. Gidan yari ba zan ja labarinsa ba. Ruwan wanka a gwangwani ake auna maka, ni da na saba da kanal. A can na koyi walda, a can na kama sallah da gaske. Matata tana zuwa. Yaya Sale bai zo ba ko sau ɗaya, amma ta gaya mini shi ke kai mata hatsi.

Na fito na tarar kowa da waya a kunne. Kanal kuwa kacalla ta cika shi, ciyawar nan mai toshe ruwa, inda ƙofofina uku suke kuma buhunan yashi aka jera. Layinmu ya daina noman rani. In na gaishe da Yaya Sale, ya amsa ya wuce. Ranar Juma'a a waje nake tsayawa, sahun ƙarshe, cikin rana.

Sai ƙaramar hukuma ta kira taro da ƙungiyar manoma. Malamin gona ya ce an samo sababbin ƙofofi. Za a yi gayya a cire kacalla, a ware wa shanu mashaya don su daina rusa gaɓar kanal, kuma kada wani ya ƙara wanke kwalbar feshi a ruwan da jama'a ke sha. Sannan ya ce, "Abu ɗaya ke damuna. Yaya za a yi kada a sake sace su?"

Kowa ya juyo ya dube ni.

Na miƙe na ce, "Noti huɗu ne, minti goma nake yi. A kashe kan notin da walda. A buga sunan gari a jikin ƙofa, ɗan gwangwan ba zai saya ba. Ranar Juma'a kuma a roƙi masu tallan nono da ke bi ta gaɓa su sa ido."

Ardo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga gwani a gabanku, me kuke nema?" Malamin gona ya ce, "Zan ba shi tsaron ƙofofin, amma sai wani ya tsaya masa."

Ba wanda ya motsa. Na fara neman takalmina. Sai na ji muryar Yaya Sale daga baya: "Ni. In ƙofa ta ɓace, ku ɗauki gonata."

Ban taɓa yin aiki da daɗin rai irin na gayyar nan ba. Da kalangu, da lauje, taɓo har gwiwa. Mata suka kawo kunu, Ardo ya aiko da nono. Aka kama tarwaɗa a cikin kacalla, aka gasa nan take. Ni na yi waldar kowane noti. Wani ya ce, "Ka matse sosai, kada ka bar wa kanka hanya." Na ce, "Ko ni yanzu sai na wuni."

Ranar da aka saki ruwa aka danƙa mini makullin ƙofofin. Da hannuna na sauke ƙofa ta uku. Na bi ruwan a ƙafa, yana gaba ina baya, har gonar Yaya Sale. Ya tsugunna ya sa hannu a ciki. Ya ce, "Ya iso." Na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ce, "Miƙo mini tiyo, surutu ya yi yawa."

Juma'ar da ta biyo na shimfiɗa buhuna a waje kamar kullum. Sai na ji an ja hannun rigata. Shi ne. Ya ce, "Taso. Na gaji da tsayuwa kusa da mai tarin nan da ya maye gurbinka." Ya kai ni sahu na biyu. Ban ji huɗubar ba, kuka nake yi, ina kuma jin daɗi.

Samari, ku ji ni. Ban fara da ƙofa ba, da ruwan awa guda na fara. In ba ranarku ba ce, ku jira. Ruwan nan na kowa ne, wanda kuka cuta a ƙarshen layi wataƙila ɗan uwanku ne. In mai sayen ƙarfe ya yi muku magana mai daɗi, ku wuce. Na nemi gafarar Allah, na bi masu albasa gida na roƙe su, suka yafe.

Bana alkamar Yaya Sale ta kai mini ƙirji. Makulli yana aljihuna, ƙofofi suna nan. Mai nemana ranar Juma'a ya duba sahu na biyu, a hagunsa.