Kuri'un Magagi a Rumbu

Sau huɗu Magagi mai allurar shanu ya nemi kujerar depite, wato ɗan majalisa, a ƙasar Filinge, sau ɗaya ya ci. Ita ma ɗin bai gama ɗumama ta ba sojoji suka sake karɓe mulki, ya dawo daga Yamai da jakarsa da hular da ya tafi da ita, yana dariya. Faɗuwa ba ta taɓa hana shi cin tuwo ba, in ka ɗebe ta farko.

Tun zamanin soja aka san shi. Shekara goma sha bakwai yana yawo a kan wani tsohon babur mai tari, daga rugagen Abala har kasuwar Baleyara, yana yi wa dabbobi rigakafi. A shekarar yunwa shi aka ɗora wa rabon hatsin taimako a ƙauyensu, Tudun Baƙo, kuma ko kawunsa, wanda yake ciki ɗaya da mahaifiyarsa, bai samu ƙarin tiya guda ba. Kawun ya yi fushi, gari ya yaba. Don haka da aka buɗe siyasa, wata ƙaramar jam'iyya mai alamar damin hatsi ta tsayar da shi, Magagi bai ko wahalar da kansa da kamfe a gida ba. Sau ɗaya ya je, ya ɗaga takarda mai hoton dami a bakin kasuwa, ya ce wannan ce tasa, su riƙe ta da kyau. Mata suka yi guɗa, ya hau babur ya wuce.

A wancan zaɓen kowace jam'iyya da takardarta. Za a miƙa maka su duka, ka shiga bayan zana, ka saka wadda kake so a ambulan, ka watsar da sauran, ka fito ka jefa ambulan ɗin a akwati. Da aka ƙirga na Tudun Baƙo, inda aka binne cibiyarsa, cikin mutum kusan ɗari huɗu Magagi ya tashi da kuri'a goma sha ɗaya.

Kujerar ba ta dame shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne tunanin cewa mutanen da suka goya shi sun yi masa guɗa a fili sun juya masa baya a ɓoye. Ya ɗauke ƙafa daga ƙauyen. Suna ya wuce bai je ba, biki ma haka, in ya hango ɗan garinsu a kasuwar Filinge sai ya shige rumfar masu goro. Har ya fara neman wanda zai sayi gonar gadonsa. Su kuwa can sun zaci kunyar faɗuwa ce ke ɗawainiya da shi, suka ce a bar shi ya huce.

Da ruwan shuka ya sauka, ƙanwar mahaifinsa, Baba Ladi, ta aiko masa da cewa a gidansu babban namiji ne ke buɗe rumbun iri, ita kuma ba za ta karya al'adar kakanni saboda zuciyar wani ƙato ba. Ya zo da hantsi, fuska a murtuke, ya gaishe ta a taƙaice. Aka ɗaga murfin rumbu ya zura kai, sai ga takarda mai hoton dami, an soke ta da ƙaya a jikin jinka, ko lanƙwasa babu.

Ya sauko da ita a hannu, ya tambayi tsohuwar yadda aka yi wannan ta kwana a nan.

"Kai kac ce mu riƙe ta da kyau," in ji ta. "To mi kaka so? In jefa hatsi cikin akwatin baƙi su tahi da shi Yamai? Wa ka taɓa gani ya hidda dami daga gida tun ba a yi shibka ba?"

Ya tambaye ta wace ta saka a ambulan ɗin. Ta ce wadda hannu ya kai, ai duk tarkace ne.

Daga nan ta ja shi gida gida, tana dogara sanda tana yi masa tsiya. Rumbun Maidawa maƙeri akwai, rumbun liman akwai, na masu bori ma akwai, har da kawun nan mai fushi, wanda ya naɗe tasa a tsumma don kada gara ta taɓa. Duk inda suka shiga sai a yi masa jaje, a ce mutanen wasu garuruwa ne ba su san mutumin kirki ba.

Suka kai rumbu na ƙarshe, nan ma akwai. Ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, dattijo mai shekara hamsin, yana dariya hawaye na bin gemunsa, don wata huɗu ya yi yana gaba da mutanen da suka ajiye shi inda suke ajiye abincin 'ya'yansu. Ya buɗe baki zai nemi gafara, Baba Ladi ta zare takardarta daga hannunsa ta cusa a haɓar zane.

"Tashi ka hiddo muna iri, Magagi. Ƙasa na shan iska."