Sawun Malam

Da na buɗe baki tun ranar da na gani, da yau Malam yana zaune bisa tabarmarsa? Na tambayi kaina har na gaji. Salularsa tana cikin kwallata, naɗe da ɗankwali. Duk ran da aka kunna ta na ji ƙarar ruwan saman da ke cikin wasan nan nasa, sai hawaye, sai kuma in ga ƙauyenmu na gefen Affala.

Kakana mai bin sawu ne. In jaki ko raƙumi ya ɓata, har daga Barmu ake zuwa ɗaukarsa. Ko an hana ni sai na bi bayansa, musamman da damina, lokacin da ƙasa ke ƙamshi kuma kowace ƙafa ke barin shaidarta. Yakan tsugunna tsakanin duwatsu ya ce wannan jakin da kaya yake, wanda ya kora shi kuma tsoho ne, dubi yadda yake jan ƙafa. A haka na koya. Amma yana da doka guda. In sawu ya kai ƙofar gida, nan yake tsayawa. Ya yi sallama, ya sha ruwa, ya juya. Bai taɓa kiran sunan kowa ba. Washegari sai a tarar da dabbar ɗaure bakin rijiya. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ƙasa aka aike ni in duba. Mai gida ya ga na zo, sauran nasa ne."

Aure ya kawo ni Tawa. Mijina, Malam, koyarwa ya yi a lekol har ya tsufa, unguwa duk Mushe suke ce masa, yadda ake kiran malaman boko. Da ya aje aiki zaman gida ya ishe shi, sai ɗiyarmu, wadda ke aikin jinya a Tebaram, ta sa masa wani wasa a salula. A wasan, baƙo ne ya shiga wani gari inda mai tsaron rijiya ya ɓace. Kai ne baƙon. Ka yi yawo, ka tsinci abubuwa, ka yi wa mutane tambaya, har ka gano wanda ya yi aika-aikar.

Tun farko ban yarda da abin ba. Rubutun da Faransanci yake, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba, Malam ke mayar mini da Hausa. Sai dai in faɗi gaskiya, waɗanda suka ƙera shi sun san mutane. Mai ƙarya a ciki yakan cika bayani, kamar yadda na sani. Ƙarar ruwan samansu kuwa, har na taɓa tashi in kwashe shanya. Kuma shekarun da muka yi da Malam ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da shi ba kamar yadda wasan nan ya zaunar da mu kowace la'asar.

Amma ba su san ƙasa ba. Sawunsu ƙyalli yake yi don kada ka wuce shi, na yaro da na ƙato duk zurfi ɗaya. Baƙon nan shi faɗa gidan mutane ba sallama, shi buɗe akwati, ba mai ce masa kanzil. Ka koma wurin mutum sau goma, magana ɗaya zai maimaita. Nakan ce, "Malam, wanga baƙo shi ne ɓarawon." Ya yi dariya ya ce, "Ke tsohuwa, da ke ce alƙali da gari ya ƙare a kaso." Abin da ya fi ɓata mini rai, wasan ba ya barinka ka wuce sai ka ɗora yatsa bisa fuskar mutum ka ce shi ne.

Cikin daminar nan ne, wata safiya bayan ruwa, na fito da tsintsiya na ga sawun Malam daga ɗaki zuwa randa. Ƙafar dama ta zauna daidai. Ta hagu ta ja ƙasa, ɗan siririn layi kamar an ja kara. Bayan kwana uku layin ya ƙara tsawo. Na fara lura. Salular ta koma hannun dama kaɗai. In na shigo sai ya ƙara ƙarar wasan ya ce in zo in ga wani abu. Na soma zargin ba don rijiyar yake kirana ba, don idona ya tsaya bisa gilashi ne ya bar jikinsa.

Sau biyu na zo bakin ɗakinsa da maganar a bakina. Na yi sallama, na tambayi kwanansa, na juya. Na ce ya ga na zo, sauran nasa ne. Ɗiyarmu ta kira, na ce mata lafiya lau. Ni da nake zagin wasa don yana tilasta mutum ya nuna, ga shi abin da ya kamata in yi ke nan, na kasa. Yanzu ina ganin yara ba sa jin nauyin tambaya, su ɗauki tsoho su kai likita ko yana faɗa. Dā raini nake kiransa. Yau ban sani ba.

Ran da ɗiyarmu za ta zo hutu, ya kira ni da hantsi. Bakinsa ya ɗan karkace. Kafin motarta ta iso ya faɗi, bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Amma lokacin da ya kira ni yana zaune, salula kife bisa cinyarsa. Ya dubi sawunsa a ƙasa, ya dube ni. Sannan ya ce:

"Ke dai kin iya shiru. Share tsakar gidan nan kafin yarinyar ta shigo."