Gahawar Cikin Kwalla

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Bande ranar kasuwa ya san Inna Kulu. Ko bai san sunanta ba, ya san ƙamshin gyaɗarta. Ƙanwar mahaifiyata ce, gajera, mai saurin baki, shekararta talatin da wani abu a gaban kasko da rairayi. Dokarta ɗaya ce: ba ta sayar da suyar jiya. Abin da ya kwana sai ta ba masu ƙuli-ƙuli, ko ta watsa wa kaji tana yi musu faɗa kamar su suka hana a saya. In ka ce ai ta jiya da ta yau duk ɗaya ne, sai ta dube ka tun daga hula har takalmi, ta ce harshenka ya mutu, Allah ya jiƙansa.

Mijinta, Baba Sale, tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Da ƙuruciyarsa ya yi shekara biyu yana jigila a Cadi, ya dawo da gemu, da kalmomin Larabci guda bakwai, da labarin gahawa. Gemun ya yi fari, Larabcin ya zube, labarin kuwa kullum ƙiba yake yi. In aka miƙo masa kafe, gahawar nan ta leda, a fadar hira ta ƙofar gidansa, sai ya shanye tas, sannan ya ce wannan toka ce. Gahawar gaskiya, in ji shi, tun kana bakin unguwa take kamo ka ta hanci. 'Yan fada sun haddace labarin, har ƙarasa masa suke yi. Babu ɗaya da ya yarda, shi ma ya san ba su yarda ba.

Sai ga autarsu Samira, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Yamai, ta zo hutu da tsaraba: wata leda mai ƙyalli cike da gahawa, an soya an niƙa. Inna ta farke bakin ledar, ta sansana, ta lumshe ido, ta ce wannan ba abin shan yau da gobe ba ne. Nan take ta yi abin da kowace mace mai jere take yi da abu mai daraja. Ta ɗaure bakin da zare, ta saka a babbar kwalla tare da sabulun wanka, da turaren wuta, da atamfofi uku da ba ta taɓa yankawa ba, ta rufe sai ranar babban baƙo. Abin da ya ba ni mamaki, Baba bai matsa a buɗe ba ko sau ɗaya.

Damina biyu ta wuce kafin babban baƙon ya zo. Alhaji Mahdi ne daga Dungas, wanda suka yi tafiyar Cadi tare, shi kaɗai ne shaidar Baba da ya rage a duniya. Tun ana saura kwana uku Baba yake bin unguwa yana shela. Ranar kuwa fada ta cika, har da waɗanda ba sa ga-maciji da shi. Inna ta dafa, ta kai zaure da kanta, ni da sauran mata muka laɓe muna leƙe.

Aka kurɓa. Hamisu mai faci ne ya fara magana, ya ce alhamdu lillahi, yau bakinsa ya yi wanka da sabulu, har an turara masa. Alhaji Mahdi, bawan Allah mai kunya, ya juya kofi, ya sake juyawa, ya ce shi dai tsufa ya sa bai cika tuna abubuwa ba. Ai sai fada ta fashe da dariya. Wani ya kwanta a tabarma, wani hularsa ta faɗa cikin buta. Ni ma na yi dariya har cikina ya ƙulle, ba zan ɓoye ba. Baba ma ya dara tare da su, amma daga ranar ya yi mako guda bai ambaci gahawa ba, unguwa ta yi shiru kamar an yi rasuwa.

Inna ba 'yan fada ta ji haushi ba. Na same ta tana kankare kasko kamar za ta huda shi.

"Ni Kulu," ta ce, "ni da ba na sayar wa baƙo gyaɗar jiya, na ba Malam suyar bara waccan a gaban mutane."

Ta ce da ta tsaya ta yi tunani ai ta sani, duk abin da ya ga wuta ya fara mutuwa daga wannan ranar, balle an niƙa shi an kwantar kusa da sabulu. Ta addabi direbobin layin Damagaram, duk wanda ya zo sayen gyaɗa sai ya sha saƙo, har wani ya samo mata ɗanyar gahawa wurin wani ɗan kasuwa mutumin Cadi. Ƙwayoyi ne kore-kore, ba ƙamshi ba komai, kamar waken da bai nuna ba.

Ta fara da abin da ta iya, ta zuba a rairayi. Rairayin ya maƙale a tsagar ƙwayoyin, aka zubar. Ta biyu ta ƙone ƙurmus, kaji ma suka ƙi. A ta uku ta ɗauko ƙaramin kaskon ƙarfe, ta rage wuta, ta kori kowa, ta kasa kunne tana juyawa. Da ta ji sun fara ƙara ƙas-ƙas sai ta ce yawwa, ashe ku ma kuna magana. Ta sauke, ta fifita, ta daka da citta a ƙaramin turmi tun da ɗuminsu.

Da hantsi ne. Ban san yadda zan faɗa muku ƙamshin nan ba, na dai san Hamisu ya yar da tayar da yake faci ya biyo hanci. Mutane suka yi ta sallama, kowa wai ya zo gaisuwa ne kawai, har da wanda ya riga ya gaishe mu da safe.

Baba ta fara miƙa wa. Ya kurɓa, ya riƙe kofin da hannu biyu. Muna jiran kirari, muna jiran Larabci. Sai ya ce a hankali:

"Kulu, ashe ba ƙarya nake yi ba."

Daga baya ya gaya mata cewa ya jima yana tsoron ko shi ya ƙirƙiri abin a ransa, shi ya sa bai taɓa cewa a buɗe kwallar ba. A lokacin kuwa, dariyar da ke bakina ta tsaya, na ji tausayinsa har hawaye ya zo mini.

"Sha tun da zafi, Malam," in ji Inna. "Gobe sai na soya wata."

Haka take yi har yau, cikin tafin hannu ɗaya kowace safiya, ba ta ƙarawa ko wa ya roƙa. Atamfofin nan uku ma ta kai wa tela a wannan makon. Shekaranjiya na gan ta da shuɗiyar a gaban kasko, hayaƙi yana dukanta, ko a jikinta.