Takobin Surukina

Shekarar da aka kwashi samari soja don yaƙin Nasara, wato Turawa, har da mijina. Gidanmu na Garhanga ya rage daga ni sai mahaifinsa. Matar tsohon ta daɗe da rasuwa, ni kuma ban haihu ba tukuna.

To, suruki ne, akwai kunya. Ba na kallon fuskarsa, ba na zama inda yake, shi ma ba ya kiran sunana. In na dama fura sai in ajiye a bakin zaure, in yi gyaran murya, in wuce. Sai rana ta fito ta faɗi ban yi magana da kowa ba sai akuyata. Wallahi har haushinsa nake ji, alhali ba shi ya kafa al'adar ba.

Tsohon yana da takobi. Da ƙuruciyarsa ya yi barantaka wurin Abzinawa, yana riƙe wa ubangidansa garkuwa, a can ya koyi sara. Kullum bayan sallar asuba sai ya kafa karan gero a bayan rumbu, ya tsaya gabansa shiru, har in gama share tsakar gida bai motsa ba. Can sai ya zare, ya kai sara ɗaya, ya mayar cikin kube. Shi ke nan. Ni dai na ɗauka rikicin tsufa ne.

Ni kuwa ba ni da aiki sai leƙen hanya. Ina daka, kunnena yana kan hanyar Keita da aka bi da mijina. Na ƙona tuwo, na fasa tulu, wata safiya kuma na sauke wa yatsana taɓarya. Na zauna gindin turmi na yi ta kuka, kuma ba yatsan kaɗai nake yi wa ba.

Tsohon yana ji ta bayan danga. Da yake ba dama ya yi mini magana, sai ya ɗaga murya ya yi wa takobin.

"Kai ƙarhe, saurara. Wanda ya koya min ya ce in idonka ya tsaya bisa takobin abokin gaba, an sare ka. In ka tuna gida, an sare ka. In kana ɗokin nasara ma, an sare ka. Kada ka bar hankali shi zamna wuri guda. Ja numhwashi, ka sake shi, hannu ya san aikinai."

Na ce a raina, ji tsohon nan, ɗansa na bakin bindiga shi yana yi wa ƙarfe wa'azi. Amma washegari na gwada a kan turmi, na bi numfashina da saukar taɓarya. Hanyar ba ta daina jan raina ba, sai dai ban sake ƙona tuwo ba. Daga nan hira ta samu: shi ya faɗa wa takobi, ni in ba akuya amsa. Damina ta zo ta wuce, ta sake dawowa, muna haka.

Ranar da wani gardi, dogarin Nasara, ya zo daga Keita ya tsaya a zaure, ban ji abin da ya faɗa ba. Salatin tsohon na ji, ya ishe ni sanin mijina ya rasu. Da gari ya waye ya kafa kara kamar kullum, ya tsaya har rana ta take, bai zare ba. Ya koma ɗaki.

Da na fita takaba, yayana ya zo da jaki daga garinmu Karofane. Na so in zauna, don in na tafi wa zai dama masa fura? Yayana ya ce yarinya ba ta zama gidan suruki babu miji. Tsohon bai yi musu ba. Shi ya ɗaura kayana a kan jakin, ya ce da yayana, "Tahi da ita. Ka ce mata ta kyauta."

Na durƙusa, kaina ƙasa, sannan na bi yayana. Tsohon bai kai girbin baɗi ba ya rasu. Jikokina kan tambaye ni kamanninsa, sai in rasa ta cewa. Na san muryarsa da faso na dugadugansa, amma ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.