Dalhatu da Gaiwar Fadamarsa

Duk Bunkure babu wanda bai san Dalhatu da gardamar kifi ba. Manomi ne, ko ƙugiya ba shi da ita, amma in ka kuskura ka taɓo zancen halittun ruwa, to nemi wurin zama. A wurinsa kifi gida uku ne: masu ɓawo irin karfasa, masu gashin baki irin tarwaɗa, sai gaiwa, doguwar nan mai santsi da ke nutsewa cikin laka in ruwa ya janye, ta yi barcinta har damina.

A nan suke kwasa da amininsa Iliyasu.

"Ƙanwar maciji ce, Malam Dalhatu. Wane kifi ne zai kwana a busasshiyar ƙasa?"

"Kai dai ba ka san komai ba! Kifi ce, gidanta ruwa."

Gaiwar a 'yar fadamar da ya gada take, fadamar ce kaɗai ta tsira lokacin da injuna suka baje sauran fadamu don noman rani. Yakan tono ɗaya ya kai wa matarsa Kulu, ya bar sauran su hayayyafa.

Sai ga shekarar da aka hana shigo da alkama, kowa ya rufta cikin nomanta. Dalhatu ya yi ta jan ƙafa, ƙarshe dai ya yarda tarakta ta shiga fadamar. Amma ya rantse garma ba za ta datse masa gaiwa ko ɗaya ba. Ya bi ƙasar yana ƙwanƙwasawa, yana tono su a hankali, ya yi ta jidarsu a daro zuwa babban kanal na ban ruwa mai daɓen siminti. Yana juye su yana cewa, "Ga ruwa nan har ku ƙoshi, ba rani ba damina." Wallahi da zuciya ɗaya ya yi, bawan Allah.

Bayan an yanke alkama aka rufe ruwa don gyara, kanal ya ƙafe ƙaf. Dalhatu ya gangara ciki da rana tsaka. Ga su nan a warwatse sun bushe, kowacce ta kafa kai ƙasa, bakinta ya saɓule wurin neman haƙa siminti.

Ya durƙusa ya tattara su cikin rigarsa, ya rasa inda zai kai su.