Kashi Ashirin ɗin da Doka ta Hana Chebo

Eusebio Treviño, wanda kowa ke kira Chebo, da duka ya fara sanin duniya. Ubansa lebura ne a gonakin albasa na kudancin Texas, kuma in ya sha ya bugu, bel yake zarewa ya hau duk wanda ya fara cin karo da shi. Chebo ne babba. Yakan cusa ƙaninsa Leandro ƙarƙashin gado, shi ya tsaya a bakin ƙofa ya karɓi dukan. Ranar da ƙarfinsa ya kawo, naushi ɗaya ya yi wa tsohon, haƙora biyu suka faɗo cikin kwanon wake. Ba a ƙara zare bel a gidan ba, shi kuma Chebo ya ɗauka haka ake gyara kowace matsala.

Ya yi damben kuɗi, aka karya masa hanci. Ya yi aiki a rijiyoyin mai, aka kore shi don ya fasa wa shugaban aiki kai da ƙarfe. Sai da ya koyi walda ya auri Ofelia, mai dafa abinci a makarantar firamare, sannan ya lafa. Ba ta yi masa wa'azi. In ta ga jijiyar wuyansa ta tashi sai ta ce, “Tsoho, je ka daki ƙarfe ka dawo, abinci na jira.” Sai ya tafi.

Da bashin banki suka sayi gida a garinsu na bakin kogi. Shekara kusan ashirin yana biya, bai taɓa tsallake wata ba. Ya ƙara ɗaki a baya da hannunsa, bai nemi izinin kowa ba. Leandro kuwa, wanda ya tashi sarkin surutu, tsofaffin firji da injin wanki yake lodawa a mota ya tsallaka gada ya sayar a Meksiko. Duk Lahadi yana gidan yayansa, yana cin naman gashi yana tsokana.

“Yaya, wannan ɗakin naka ya karkace kamar hancinka.”

“Ci ka tashi, ɗan banza.”

Wata safiya Chebo yana walda wayarsa ta yi ƙara. Lambar Leandro ce, amma muryar ba tasa ba ce.

“Kai ne yayan wannan mai bakin? Saurara.”

Ya ji ƙarar katako a jikin mutum, ya ji Leandro yana ihu yana kiran sunansa. Mai muryar ya dawo ya ce dala dubu sittin, kuma in ɗan sanda ya ji, a buhu za a aiko masa da ƙaninsa.

Ko hular walda bai cire ba ya faɗa banki. Matar da ke kula da bashin gidaje, Charlene Pruitt, ta san shi da kyau. Ya ce mata a sabunta bashin gidan, a ba shi duk abin da ya tara a cikinsa, yau.

“Mista Treviño, ba haka ake yi ba. Tsohon bashi da sabo, in an haɗa, doka ba ta bari su wuce kashi tamanin cikin ɗari na darajar gidan. Kashi ashirin ɗin ba a taɓa shi. Sai an aiko mai kimantawa ya yi wa gidan kuɗi, sai an jira kwana goma sha biyu, sannan kai da matarka ku zo ku sa hannu.”

“Gidan nawa ne ko na gwamna?”

“Naka ne. Don kada a raba ka da shi aka yi dokar.”

Ya dafa teburin har gilashinsa ya tsage. “An sace ƙanina, baiwar Allah.”

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce ya je wurin hukuma, ya ce a'a. Ta ce za ta sa a hanzarta mai kimantawa, amma kwanakin ba ta isa ta rage ko ɗaya ba. Ta yi lissafi a gabansa: in gidan ya yi kuɗin da yake zato, za a iya haɗawa da kyar.

Kwanakin nan Chebo bai ci abincin kirki ba. Kullum sai hoto ya shigo wayarsa. Fuskar Leandro ta kumbura har ba a ganin idanunsa. Wani hoton kuma an ɗaure shi a jikin tayar mota, bayansa duk shatar waya.

Mai kimantawar ya zo wata rana da hantsi. Sunansa Wendell Hruska, dattijo siriri mai tabarau, mai sanyin magana. Ya auna ɗakuna, ya duba rufi, ya durƙusa ya daɗe yana kallon wata tsaga a tushen gini. Da ya zo ɗakin baya ya nemi takardar izinin gini.

“Babu,” in ji Chebo. “Ni na gina abina.”

“Aiki ya yi kyau, amma ba zan iya sa shi a lissafi ba. Ga kuma tsagar can.” Ya faɗi kuɗin da yake ganin gidan zai yi. Chebo ya cire kashi ashirin a ransa, ya cire tsohon bashi. Abin da ya rage bai kai rabin kuɗin fansa ba.

“Yallaɓai, ka ƙara. Alƙalami ne fa kawai. Ran mutum ne a kai.”

“Ban san abin da ya same ka ba, kuma na tausaya maka. Amma in na rubuta ƙarya, ni da kai duka kotu za mu je.”

Daidai nan wayar ta yi ƙara. Wannan karon hoto mai motsi ne. An danne hannun Leandro a kan kututture, wani ya ɗaga adda. Chebo ya kalla har ƙarshe. Da ya ɗago, Hruska yana naɗe ma'auninsa zai tafi.

Naushin farko ya fasa tabarau a cikin idon dattijon. Na biyu ya karya masa muƙamuƙi. Ya faɗi a kan siminti, Chebo ya hau ruwan cikinsa yana duka yana cewa, “Rubuta! Rubuta!” Mutumin ma ya daina motsi, jini na bin tsagar ginin. Ofelia ta fito daga kicin da gudu ta maƙale wuyansa tana kuka, “Chebo, za ka kashe shi!” Bai ji ta ba. Sai da ta ɗauko tukunyar ƙarfe ta rafka masa a ƙeya sannan ya sake shi. Maƙwabta sun riga sun kira 'yan sanda. 'Yan sanda huɗu suka danne shi, ya karya wa ɗaya yatsa, suka harba masa bindigar lantarki ya zube yana karkarwa.

Maganar bashi ta mutu a nan. Da masu garkuwar suka sake kira, Ofelia ce ta ɗauka. Kafin nan ta sayar da motar walda da injunan mijinta, matan coci kuma sun yi mata karo-karo.

“Ina Chebo?”

“Yana kulle. Banki ya rufe mana ƙofa. Dubu goma sha takwas ne a hannuna, babu wani abin da zai biyo baya. In kun kashe shi, ko kuɗin man mota ba ku samu ba.”

Suka zage ta tas suka kashe wayar. Washegari suka faɗa mata inda za ta kai kuɗin, ta kai. Bayan kwana kaɗan aka tsinci Leandro a kusa da gada, ba takalmi, hannun dama ba yatsu biyu.

Hruska ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi, kuma bai sake komawa aiki ba. Aka yanke wa Chebo ɗaurin shekara shida. Yana ciki iyalan Hruska suka kai ƙarar neman diyya, suka yi nasara. Chebo ya ce wa lauyansa a sayar da gidan a ba su.

“Ba mai tilasta maka,” in ji lauyan. “A jihar nan, gidan da mutum ke zaune da iyalinsa ba a ƙwace shi don irin wannan diyyar. Kuma ba ka isa ka sayar ba sai da yardar matarka.”

Ofelia ta ce ba za ta kwana a titi don laifin da ba ta yi ba. Gida ya tsaya. Chebo ya koma ɗakinsa na kurkuku ya dinga dukan bango har sai da ƙasusuwan hannunsa suka farfashe. Ba su haɗe daidai ba. Ya fito da furfura, hannun ba ya riƙe abin walda sosai, sai shara da yankan ƙarfe a shagon wani.

Leandro bai bar tsokana ba. Ranar da aka sako yayansa ya ɗaga guntun hannunsa ya ce, “Yaya, su yatsu biyu suka cire mini, kai ka cire wa bawan Allah ido. Da sun san ka, da aiki suka ba ka.” Ba wanda ya yi dariya.

Bayan 'yan watanni Chebo ya nemi gidan Hruska ya je neman gafara. Ya tarar da shi yana ba furanni ruwa, da baƙin ƙyalle a ido. Chebo ya cire hula ya tsaya ta hagunsa.

“Dawo ta dama,” in ji Hruska. “Ba na gani ta can.”

Ya koma. Dattijon ya daɗe yana kallonsa.

“Ƙanin naka ya dawo?”

“Ya dawo, yallaɓai.”

“Madalla. To, fita mini daga gida, kada ka ƙara zuwa.”

Chebo ya mayar da hularsa ya fita, ya ja masa ƙofar shinge a hankali.